Hukuncin kai mahaifi gidan kula da tsofaffi da sayar da gidansa don jinyarsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ya haura shekara 80. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga kuma ruɗewar tsufa ta fara kama shi. Wani lokaci ba ya gane mu, da dare kuma yakan yunƙura zai tashi ya faɗi. Mahaifiyarmu ta rasu. Mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, kowa yana inda neman abinci ko aure ya kai shi. A wurina Baba yake, amma tun safe nake fita aiki, matata ce ke fama da shi, har ta kai ga cewa ta gaji. 'Yan'uwana sun kawo shawarar mu kai shi gidan kula da tsofaffi, mu sayar da gidansa da ba kowa a ciki mu riƙa biyan kuɗin da shi. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin yin haka saɓa wa iyaye ne? Kuma ya halatta mu sayar da gidan?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ɗan'uwa, Allah ya ba mahaifinku sauƙi, ya sa kaffara ce, ya jiƙan mahaifiyarku.

Asali a shari'a shi ne mahaifi ya tsufa a hannun 'ya'yansa. Kai shi gidan kula da tsofaffi don a huta da ɗawainiyarsa, alhali ana da ikon riƙe shi, haramun ne, kuma yana cikin saɓa wa iyaye. Kai shi saboda jinyar da gida ya gaza ɗauka ya halatta bisa sharuɗɗan da za su zo. Gidansa kuwa ba ku da ikon sayarwa da ra'ayin kanku.

Allah Maɗaukaki ya haɗa haƙƙin iyaye da tauhidi a Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, sannan ya keɓe lokacin tsufa da ambato: idan ɗayansu ko su biyun suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu "tir", kada ka tsawace su, ka faɗa musu magana ta karamci. Wanda aka hana shi ƙosawa da baki, ina ga ya ƙosa a aikace ya tattara kayan tsohon ya miƙa shi ga baƙi? Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce hancinsa ya turbuɗe, har sau uku, wanda ya riski iyayensa a halin tsufa, ɗayansu ko su biyun, amma bai shiga Aljanna ba. A Bukhari da Muslim kuma, mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, da Annabi (SAW) ya ji iyayensa suna raye, ce masa ya yi ya koma ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. Idan an dawo da mutum daga fita jihadi saboda iyaye, to ƙarin albashi ko neman sararawa ba za su zama uzuri ba.

Sai dai akwai abin da yawancin masu irin wannan tambaya ba sa lura da shi. Malaman fiƙihu ba su wajabta wa ɗa ya yi kowane aikin jinya da hannunsa ba. Abin da suka wajabta shi ne buƙatar mahaifi ta biya: ci, tufafi, mazauni, da mai hidima idan ya kasa yi wa kansa. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai a kan cewa ciyar da iyaye matalauta, waɗanda ba su da dukiya ba su da sana'a, wajibi ne a dukiyar ɗa. Shehu Khalil a Mukhtasar ɗinsa ya ƙara da cewa ɗa mai hali zai ciyar har da mai yi wa iyayen hidima. Ka ga ke nan ɗaukar ma'aikacin jinya ba sabon abu ba ne, kuma ba gazawa ba ce wajen biyayya. Wanka da juya majinyaci da ba shi magani ana iya wakilta wani a kansu. Zama kusa da shi da sanyaya masa rai da sa ido a kan yadda ake riƙe shi, waɗannan ba a sayen mai yi, suna wuyan 'ya'ya duk inda tsohon yake kwance.

Nauyin kuma na ku huɗun ne, ba naka kai kaɗai ba. Idan mahaifi ba shi da abin da zai ishe shi, abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne a raba ciyarwarsa a kan 'ya'ya gwargwadon wadatar kowa, mace mai hali ta shiga kamar yadda namiji ya shiga. Hanafiyya sun ce daidai wa daida tsakanin maza da mata. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗi, ya kuma ware lokacin da zai zo ya karɓe ka. Abin da za ku ba shi kada ku lissafa shi a zakka, domin ba a ba iyaye zakka da sunan talauci tunda ciyar da su wajibi ne a kanku.

Game da matarka, ka ji tsoron Allah a kanta. Shari'a ba ta wajabta wa mace jinyar surukinta ba. Abin da ta yi kyautatawa ce da za ta samu lada a kanta, kuma ya kamata ta ji godiya daga bakinka da bakin 'yan'uwanka. Da yawan maza suna alfahari da cewa mahaifinsu na hannunsu, alhali tun fitowar rana har faɗuwarta matar ce ke ɗagawa da kwantarwa. Wannan biyayya ce da wani daban ya zubar da gumi a kanta. Sannan ko da yake suruki muharraminta ne, tsakanin cibiya da gwiwarsa al'aura ce gare ta, ba ta kallo ko taɓawa sai da larurar da babu makawa. Tsarkinsa da wankansa kai ne ka fi cancanta da su, ko ɗan'uwanka, ko ma'aikacin jinya namiji, a sa safar hannu a kuma suturta abin da ba a buƙatar buɗewa.

Don haka kafin a yi zancen fitar da shi, a gwada abin da ya fi sauƙi. A ɗauki mai jinya da zai riƙa zuwa gida da rana, ko ya kwana da shi. A gyara ɗakin: gado mai kariya a gefe, ƙarfen dafawa a bayi, fitila da ba a kashewa da dare, a kawar da duk abin da zai harɗe ƙafa. Kada ka raina wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ita ce ta biyu cikin haɗurran da suka fi kashe mutane a duniya, kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanyar. Inda ake da cibiyar da ke karɓar tsofaffi da rana su dawo gida da yamma, ko wadda ke riƙe majinyaci na 'yan kwanaki don masu jinya su huta, amfani da ita ba laifi.

Idan an yi duk wannan bai wadatar ba, likita amintacce ya tabbatar cewa yana buƙatar kulawar ƙwararru dare da rana, kuma zamansa a gida ya zama haɗari gare shi, to kai shi inda zai samu wannan kulawar ya halatta, hukuncinsa hukuncin kwantar da shi a asibiti ne. Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da za ta iya, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma hadisin "ba cuta ba cutarwa" da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ginshiƙi ne a wannan babi. Har ma zan ce barin tsoho shi kaɗai a ɗaki yini guda cikin najasa, don gudun kada mutane su ce an kai shi gidan tsofaffi, ya fi kusa da zunubi. A nan kunyar mutane ake ji, ba ta Allah ba.

Masu cewa irin waɗannan gidaje haramun ne a kan kansu sun tsananta. Kula da tsoho marar gata aikin al'umma ne tun farkon Musulunci. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Umar ɗan Khaɗɗabi ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, sai ya umarci ma'ajin baitulmali ya kula da shi da ire-irensa, yana cewa ba a yi masa adalci ba idan aka ci ƙuruciyarsa aka yasar da shi a tsufa. Ɗabari ya ambaci cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya ba kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora. Gidan kula da gajiyayyu na Darul Ajaza da Sarki Abdulhamid na Biyu ya kafa a Istanbul an buɗe shi a 1896, har yau yana aiki. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a 2000, ta yi kira da a samar da gidajen kulawa ga tsofaffin da ba su da dangi ko waɗanda danginsu suka gaza. Buƙatar kuma ƙaruwa take yi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama, da suke biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050. Masu hali da ke neman inda za su yi waƙafi su duba nan.

Sharuɗɗan kai mahaifinku irin wannan gida su ne a nemi yardarsa a lokacin da hankalinsa ya dawo, a yi masa bayani da taushi, kada a yaudare shi da cewa yawo za a je. Idan yana cikin hayyacinsa ya ƙi, ba a tilasta shi. Idan hankalin ya gushe gaba ɗaya, sai a duba abin da ya fi masa maslaha, ba abin da ya fi wa 'ya'ya sauƙi ba. Wurin ya zama kusa yadda za ku riƙa zuwa a kai a kai, a ba shi abinci na halal, a taimaka masa da tsarki da salla muddin yana gane ta, namiji ya kula da al'aurarsa gwargwadon iko. Ku kuma riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, ku duba bayansa da ƙugunsa ko gyambon kwanciya ya fara. Ba zargi nake koya maka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan cibiyoyi, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa cewa sun taɓa muzguna wa tsoho a cikin shekara guda kafin binciken. Tsohon da 'ya'yansa ke leƙowa kullum ba a yi masa riƙon wanda aka manta da shi. Ranar da ya samu sauƙi ko halinku ya canja, a dawo da shi gida.

Sai batun gidan. Muddin mahaifinku yana numfashi gidan nasa ne, ba gado ba ne, kuma kasancewarka ɗa ba ta sa ka zama waliyyin dukiyarsa. Gaskiya ne cewa mai dukiya ana jinyarsa daga dukiyarsa kafin a waiwayi aljihun 'ya'ya, don haka wanda zai hana a taɓa gidan don kada rabonsa na gado ya ragu, shi ma ya yi zalunci. Amma akwai hanyar da ake bi. Idan yana da lokutan da hankalinsa ke cikakke, ya wakilta ɗayanku a gaban shaidu adilai, kuma ya fi kyau likita ya tabbatar da lafiyar hankalinsa a ranar. Idan ya wuce wannan matsayi, sa hannunsa ko dangwalen yatsansa a takardar ciniki ba ya inganta, sai ku kai maganar gaban alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Inda babu alƙalin shari'a, ku bi kotun da dokar ƙasar ta ba wannan hurumi, bayan shawara da malamai da dattawan Musulmi na wurin.

Wanda aka naɗa ɗin ma ba ya fara da sayarwa. Malamai ba su yarda a sayar da gida ko filin wanda ake riƙe wa dukiya ba sai da buƙata ko wata maslaha bayyananniya. Idan kuɗin haya tare da gudummawarku za su ɗauki nauyin jinyar, a ba da gidan haya. Idan ba za su ɗauka ba, a sayar da shi a kan farashinsa na gaskiya, kada ɗayanku ya saye shi da rahusa. Kuɗin a ajiye su da sunansa, a rubuta duk abin da aka cire da abin da aka kashe a kai, kada a raba ko kaɗan daga ciki, kada kuma wani ya ranta.

Wallahu a'alam.