Kada ka shafe tsagar nan, Garba

Garba, jiya da muna dawowa daga gidan Hajiyar nan na bakin garin Marwa, a arewacin Kamaru, ka ce mini, "Maigida, me ya hana mu kwaɓa siminti mu shafe tsagar, aikin rabin yini ne?" Ban tanka maka a hanya ba, don raina a ɓace yake. Zauna ka ji.

Ka lura da tafiyar tsagar? Daga kusurwar taga ta tashi, ta gangara a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, har ɗan yatsana ya shige ta sama. Tsagar shafe siririya ce kamar gashi, a fatar bango take tsayawa. Wannan kuwa daga tushe ta fito. Ƙasar wurin baƙar laka ce, wadda Fulani ke kira karal, irin wadda ake dasa masakwa a kanta in damina ta ɗauke. Ruwan Yuli da Agusta ya sauka, ta sha ta kumbura, ta ɗaga ginin. Zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, ta bushe ta dare, ta sauke shi. Kuma ba tare take ɗagawa ba, gefen da ruwan kwano ke zuba ya fi motsi. Bulo ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ka shafe yau, kafin damina ta ƙare ta sake buɗewa a daidai wurin.

Da na tona gefen bangon ai ka gani da idonka: tushen bai kai gwiwa ba. A irin wannan ƙasa ana haƙa ne har a wuce lakar da ke motsi, a zuba marmara a daddanne, a ɗaure ginin da ɗamarar kankare mai rodi a ƙasa, a sake wata a saman tagogi. Shi wanda ya gina ko ɗaya bai sa ba.

Ga kuma ha'incin siminti. Kankaren ginshiƙi da ɗamara buhu 7 yake ci, masu kilo 50, a mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. Simintin da ake yi a garin Figil ba shi da laifi, hannun da ya auna shi ne mai laifi. Na sa ƙusa na kankari bulon, sai ya riƙa zuba kamar garin rogo. Ko an ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, ko an bar shi a rana babu ban ruwa. Siminti da ruwa yake nuna: kwana 7 kana jiƙa shi safe da yamma, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Yashin mayo, wato na rafi, shi ma ka riƙa gwada shi. Zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. In laka ta kwanta da kauri a samansa, a wanke shi ko a mai da shi.

Abin da ya fi ci mini rai, matar nan kuɗin sallamar mijinta marigayi ta zuba a ginin, shekara uku ke nan. Yanzu ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. In hadari ya haɗo, kwashe yara take yi su kwana a zaure, don tsoron kada bango ya rufta musu. Ɗan hayan da take sayen hatsi da kuɗinsa ya tashi. In ta ce za ta sayar, wa zai taya? Maginin kuma ya bar gari, babu ko takarda tsakaninsu.

Ni ma na taɓa yi, ban ɓoye maka ba. Ina matashi wani mai gida ya matsa mini in rage rodi don kuɗinsa su kai, na yarda. Bayan 'yan shekaru aka kira ni in ga yadda saman ƙofa ya tsage. Har yau in na bi ta layin nan sunkuyar da kai nake yi. Tun ranar, in mai gida ya ce a rage, sai in ce a gina ɗaki biyu maimakon huɗu, ko ya nemi wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gobe bayan asuba ka ɗauko diga da shebur. Za mu manna ɗan siminti a kan tsagar wuri uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, mu ga ko tana ci gaba. Sannan mu yi wa ruwan kwanon hanya ya bar gindin bango, mu fara tona tushen gaɓa-gaɓa, mita ɗaya mu cika kafin mu taɓa ta gaba. Kada ka kuskura ka buɗe shi gaba ɗaya, da mutane a cikin gidan.