Ga ƙiba ga hawan jini, wane motsa jiki zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Shekarata 46, nauyina ya haura kilo 100, kwanan baya aka auna ni aka ce jinina 150/95 har an ɗora ni kan magani. Maigida yace in dinga tafiya da safe, ƙanina kuma yace ai ɗaga ƙarfe ne ke sauke jini, ga gwiwa tana damuna. Wanne zan bi? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kowa a cikinsu da gaskiyarsa, amma ni dai ta maigida zan ce ki fara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 kwana biyar, kuma tafiya ake nufi mai ɗan sauri wadda za ki ji numfashi ya ɗaga amma kina iya magana, ba tafiyar zuwa gidan biki ba. Ita ce za ta taimaka miki ki rage teɓa, kuma duk kilo ɗaya da ya sauka yakan tafi da kusan maki 1 a lambar sama ta awon jini, wato 150 ɗin nan naki.

A 2023 wasu masana a Ingila sun tattara gwaje-gwaje 270 suka kwatanta, tafiya da gudu da keke sun sauke lambar sama da maki 4 da ɗoriya, ɗaga ƙarfe ma kusan haka, in an haɗa biyun wajen 6. Wanda ya ba kowa mamaki shi ne atisayen da ake ɗaure tsoka a tsaya cak ba motsi, ya sauke wajen 8. Ga yadda za ki yi irinsa: ki jingina bayanki da bango ki zame ƙasa kamar mai shirin zama, ki tsaya a haka minti 2, ki huta, sau huɗu, kwana uku a sati. Cikin ɗaki ma za ki yi abinki ba wanda ya sani. Tunda kina fama da gwiwa kar ki sauka sosai, kaɗan ya isa, in ta fara zafi ki bari ki koma matse ƙaramar ƙwallon roba a hannu.

Maganar ƙarfe kuwa, marar nauyi ba laifi, matsalar ita ce mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa yana riƙe numfashi yana nishi, a lokacin jini tashi yake sosai, shi yasa ko a bangon ma ki dinga numfashi kar ki riƙe.

Don Allah kar ki ajiye magani wai kin fara motsa jiki, likitan da ke duba ki ne zai rage in lokaci yayi. Ki sassauta gishiri da dunƙulen miya. Ranar da kika auna kika ga 180/110 ko sama, ko kika ji ciwon ƙirji ko jiri, a bar atisaye a nufi asibiti.