Amsa ga yarona kan taga mai shara-shara

Ka tambaye ni abin da ya sa maɓallan da kake motsawa a kan tagar manhajar kwamfuta mai shara-shara suke ƙyafce-ƙyafce, gefensu kuma yake fitowa da ruwan hoda. Yadda ake buɗe taga da ɗora maɓalli ba zan ɓata bakina a kai ba, amma tambayarka ta fama mini wani tsohon miki.

Shekarun baya wani mai sayar da magani a wajen kasuwar Dole ya ba ni aikin manhajar lissafin kaya, muka yi jinga jaka 400, ya ba da rabi, ya kuma nace sai maɓallai sun riƙa zamowa daga gefe kamar yadda ya gani a wayar ɗansa. Na yi gaggawa na yi amfani da TransparencyKey, wani saitin taga wanda launi ɗaya tak yake ɓoyewa, na zaɓi ruwan hoda, saboda haka gefen maɓalli da aka lallausa ya gauraya da ruwan hodan, ya tsaya kamar shatin lalle. A tsohuwar kwamfutarsa, wadda ƙura ta toshe wa fanka, motsin ya dinga sarƙewa, shi kuwa ya kira aikin na banza a gaban masu sayayya. Mako uku na yi ina sake gini, sau da yawa da dare saboda zafi, na kai masa ya ce zai gwada. Bara na shiga sayen maganin zazzaɓi na tarar da manhajata tana aiki sumul a kan teburinsa, jaka 200 ɗina kuwa har yau ba su zo ba.

Abin da na koya a makonnin nan shi ne ka zana komai a hoto ɗaya mai bit 32 a kowane ɗigo cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ka ninka kowane launi da gwargwadon shara-sharansa, sannan ka miƙa wa UpdateLayeredWindow, umarnin Windows da yake ɗora hoton a matsayin taga, wanda yake nan tun Windows 2000. Maɓallan da aka saba ba sa bayyana a irin wannan taga, da hannunka za ka zana su. Ka ƙanƙanta tagar, domin allo mai 1920 da 1080 ya haura megabayit 8 a zane ɗaya, sau 60 a sakan kuwa kusan megabayit 500 ke nan. Kada kuma ka ƙirga bugun Timer, mai bugawa lokaci-lokaci a cikin manhaja, domin agogon Windows yana bugawa kusan kowane milisakan 15.6, allo mai sabuntawa sau 60 a sakan kuma kowane milisakan 16.7, ka auna lokacin da ya wuce da Stopwatch, ma'aunin lokaci na cikin manhaja, ka lissafa matsayin maɓalli daga nan.

Ku yaran yanzu kwafowa kuke yi daga intanet ba ku san abin da ke ƙarƙashi ba, shi ya sa ƙaramar matsala take kayar da ku. Gobe ka kawo aikinka mu gwada shi a kan tsohuwar na'urar da ke lungun shago, ba taka sabuwa ba.