Injin na juyawa amma babur ya ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah matsala nake da ita da babur ɗina, ƙarami ne 125cc mai kafireta, na ajiye shi kusan wata uku ban hau ba saboda tafiya da ta kama ni, toh da na dawo shikenan ya ƙi tashi. In na danna sitata yana juyawa lafiya lau, in na buga kik ma haka, amma ko tari baya yi. Na kai batir an yi caji, na sai sabon fulogi na ɗaura duk a banza, yanzu wani yace CDI ne, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, in canza wani kuma yace sai dai a sauke inji. Wallahi na rasa na kamawa, a taimaka min da shawara. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode. Kafin komai dan Allah kar ka sai CDI tukuna, kuma kar ka bari kowa ya kwance maka inji. Abin da yafi ci min rai a wannan harka kenan, mutum ya dinga canza kaya ɗaya bayan ɗaya da ka, har kuɗinsa su ƙare babur na nan a kafe. Tunda yana juyawa ai ka riga ka cire sitata da rabin zargin batir daga lissafi, saura abu uku da inji ke buƙata kafin ya kama: wuta a bakin fulogi, mai da ya gauraya da iska daidai, sai kuma matsi a cikin silinda. Ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, kuma fulogin nan da ka saya shi zai gaya maka wanne ne.

Amma fara da ƙananan abubuwan da ake raina wa. Jan makunnin nan na hannun dama da ake kashe inji da shi, duba ko an taɓa shi lokacin da baka nan, a wasu baburan sitata zata yi ta juyawa alhali ya yanke wutar fulogi. Famfon mai na ƙasan tanki yana ON ko OFF? Maida shi RES, wato man ajiya, ka gani, don man da ya rage a tanki wani lokacin bai kai bakin bututun ON ba. Sa giya a furi, ɗaga sandar da ake jingine babur da ita, ja cok tunda injin a sanyaye yake.

In duk wannan bai yi ba, danna sitata kamar daƙiƙa 5 ka saki, kar ka wuce haka don tana zafi, ka huta daƙiƙa 10 ka sake, sai ka ɗauko sifana ka kwance fulogi ka kalli bakinsa ka shinshina. In ka ganshi a bushe ƙayau babu ko warin fetur, toh mai baya isowa. In ka ganshi jiƙe sharkaf yana ƙyalli, mai na zuwa, ko dai wuta ce babu ko man yayi yawa ya shaƙe injin ko kuma man ne ya lalace. Kaga da kallo ɗaya an raba maka hanya biyu.

Yanzu gwada wuta. Maida fulogin cikin hularsa, ka ɗora jikin ƙarfensa a kan ƙarfen inji inda babu fenti, nesa da ramin da ka cire shi saboda tururin fetur na fitowa ta nan, kuma in mai ya zuba ka goge tukuna, wannan ba abin wasa bane na san gobara na tashi ta haka. Riƙe ta robar hular kawai, kunna makulli ka buga kik. Abin da kake so ka gani shine tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana tsalle tsakanin haƙoran nan biyu har kana jin ƙas ƙas. In ja ne ko ruwan lemo siriri, ko yana zuwa yana ɗaukewa, wutar tayi rauni, kuma wadda tayi rauni a waje in ta shiga cikin matsi mutuwa take gaba ɗaya. Tazarar haƙoran a yawancin ƙananan babura 0.6 zuwa 0.7 na milimita ce, sabon fulogi ma in ya faɗi ƙasa yana iya haɗe baki.

Idan babu wuta sam sai a bi layi daga baya baya, hular fulogi tukuna don tana da wani ɗan abu a ciki da ke ƙonewa, cire ta ka kusanto da tsirarar wayar kusa da ƙarfen inji ka gani, in wuta ta fito hular ce. In bata fito ba duba fiyus, duba soket ɗin wayarin ko sun yi tsatsa ko ɓera ya ci waya tunda ajiye shi kayi, sannan koyil, sannan koyil ɗin magneto wanda ke samar da wuta in inji na juyawa, CDI shine na ƙarshe kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ari mai aiki irin nasa a jona a gani kafin a saya. Wani abu kuma da mutane basu cika sani ba, CDI iri biyu ne, akwai mai shan wuta kai tsaye daga magneto wanda ko babu batir zai tashi da kik, akwai mai sha daga batir. In naka na biyun ne, batir mai rauni zai iya juya sitata amma abin da ya rage bai isa fulogi ba. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 a mitar awon wuta, in kana danna sitata ya faɗo ƙasa da 10 toh cajin da aka yi masa bai zauna ba.

Amma ni in ka tambaye ni, da jin wata ukun nan zuciyata tafi karkata ga mai. Fetur in ya daɗe a zaune sassan da ke saurin kamawa da wuta su suke fara tashi su bi iska, abin da ya rage yayi kauri ya zama wani danƙo-danƙo mai wari kamar tsohon fenti, kuma a ƙoƙon ƙasan kafireta yake taruwa. A ciki akwai ƙaramin jet wanda shi ke ba inji mai lokacin tayarwa da lokacin silo, ramin nasa bai fi tsinin allura ba, danƙo kaɗan ya isa ya toshe shi. Ga kuma ruwa, tankin da ba a cike ba yana yin raɓa daga ciki, ruwa kuma yafi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa, shi ne farkon abin da zai gangaro kafireta.

Ga yadda zaka tabbatar. Ɗiga fetur sabo kaɗan, ɗigo uku huɗu ba kwarara ba, a ramin fulogi, ɗaure fulogin ka buga. In ya kama bum bum na ɗan lokaci ya mutu, alhamdulillahi wuta lafiya matsi lafiya, hanyar mai ce kawai. Sai ka tara kwalba mai haske a ƙasan kafireta ka sassauta sukurun tsiyaya dake gindin ƙoƙon, ka duba abin da ya fito, in da ruwa zaka ganshi ya kwanta a ƙasa daban. In babu abin da ya fito cire tiyon da ya taho daga tanki ka buɗe famfo, ya kamata mai ya zubo a guje, in ɗis ɗis yake yi famfon ko matatar mai sun toshe. Buɗe murfin tanki ka sake gwadawa, in sai a lokacin ya zubo toh ƙaramar hudar shan iska ta murfin ce ta toshe. Daga nan zubar da tsohon man gaba ɗaya, kwance kafireta a wanke, a cire jet a hura har ka hango haske ta cikinsa. Dan Allah kar a zura masa allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai laushi, ramin na faɗaɗa shikenan babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi. Leƙa akwatin matatar iska ma, babur in ya daɗe a ajiye ƙwari da ɓeraye na yin gida a ciki.

In kuma fulogin a jiƙe ka same shi saboda yawan bugun da kayi da cok a ja, busar da shi, maida cok, buga kik sau da yawa fulogi na waje makulli a kashe don silinda ta sha iska, ka ɗaura, ka murɗe totur har ƙarshe ka riƙe sannan ka tayar.

Maganar sauke inji sai in wuta da mai duk sun tabbata lafiya. Kai da kanka zaka iya ji a ƙafarka, in kik na tafiya salalo babu wata turjiya matsi ya gudu. Cire fulogi, kashe makulli, toshe ramin da babban yatsa wani ya buga maka, lafiyayyen inji ture yatsan yake da ƙarfi. Ko an samu matsi yayi ƙasa ma ba lallai fistin da zobe bane, sau da yawa bawul ne ya matse baya rufuwa duka, saitinsa kawai za'a yi injin na sanyi bisa awon da kamfanin ya rubuta a littafin babur ɗin. Bakanike na gari zai sa ma'aunin matsi, in ya gani ƙasa da 100 psi sai ya zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali a ramin ya sake aunawa, in ya hau zobe ne, in bai motsa ba bawul ne ko gasket. Babur da ka ajiye yana aiki lafiya da wuya ace zobensa ya cinye yana tsaye.

TAMBAYA: Malam nawa babu kafireta, mai injekta ne, shima haka yake min wani lokacin musamman bayan an wanke shi. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa naka kunne zaka fara sawa. Da ka murɗa makulli kafin ka taɓa sitata ya kamata kaji famfon cikin tanki yayi zuuu na daƙiƙa 2 ko 3 ya tsaya, in baka ji ba duba jan makunni da fiyus da ƙarfin batir, irin naka baya yafe batir mai rauni ko kaɗan. Tunda kace bayan wanki ne, cire hular fulogi ka busar da cikinta da ramin da take zama, ka bi soket soket ka hure ruwan, kuma ka gaya wa mai wankin ya daina saita ruwa mai ƙarfi kan wayarin da makunnan hannu. In fitilar inji a allon gaba tana ƙiftawa, ƙirga sau nawa take yi ka faɗa wa bakanike, lambar matsalar kenan take baka.