Amsa ga Sistar da ke jinyar mahaifiyarta

Sannu da jinya Sista, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an kwantar da ita a asibitin da ba naki ba, kina ganin abubuwan da ba su kwanta miki ba, kin rasa ko ki faɗa musu ke ma nas ce ko ki ja bakinki. Wallahi na san wannan zafin. Ki faɗa, amma sau ɗaya, ga shugabar ɗakin, a keɓe. Kuma don Allah kada hannunki ya taɓa ledar ƙarin ruwan da aka ɗaura mata, domin babu sa hannunki a foldar jinyarta, duk abin da ya biyo baya kanki za a ɗora.

Dare ne tashin hankalin. Kanula, wato siririyar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, ta fita daga jijiya, hannu ya kumbura ya yi sanyi, ruwa ya tsaya, ki je ki yi magana a ce miki ana zuwa. Ki koma na biyu, wata ta ɗago kai ta ce tunda kin fi su sani ki zo ki karɓi aikin. A gaban ƙannenki fa! Mace mai farin kaya irin naki, ta san sarai abin da kike nuna mata gaskiya ne. Ki dawo ki zauna kina kallon hannun Mama, kin san gyaran minti biyar ne, ba dama. Wannan maganar ta fi rashin barcin ciwo.

Ki sayi ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta lokacin da aka ɗaura kowace leda. Mililita (mil) 500 cikin awa 4 da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowane mil kusan ɗigo 42 ne a minti, in kin ga yana zuba fiye da ƙima ki kira su, tsohuwa mai hawan jini ruwa yana iya taruwa mata a huhu. In tana kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na ceftriaxone ki lura kada a bi da shi layi ɗaya da ruwan ƙari na Ringer's, sinadarin kalsiyam ɗin ciki yana daskarewa da shi. Fitsari ya gaza mil 30 a awa, magana ce ta likita, ba ta jiran safiya ba. In an kai ga ƙarin jini, ki tsaya kanta minti 15 na farko, kuma leda kada ta wuce awa 4.

Juya ta duk awa 2 kuwa naki ne, ba mai hana ki, ki duba ƙugu da diddige.

Tambayoyinki ki tara su zuwa zagayen likitoci, a nan ake canja abu. In cin mutuncin ya ci gaba, ki ga metiron, wato shugabar nas-nas, in asibitin tarayya ne kuma akwai teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Sannan ki samu mai canjinki ki yi barci, 'yan'uwa za su sakar miki komai da sunan ke ce nas, kada ki yarda. Ki sanar da mu halin da ake ciki gobe.