Me Ya Sa Ya Koma Cikin 'Yan Daba?

Tambaya: Malam, ƙanena ya yi zaman gidan yari kan satar waya, da fitowarsa kuma ya koma cikin 'yan daba. Halinsa ne haka? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ba lallai hali ba ne. A 1963 Howard Becker, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya bayyana illar laƙabi. Da zarar unguwa ta kira yaro ɓarawo, ba mai ba shi jiran shago, in ya je neman aure a hana shi. Sai masu laifi kaɗai ke karɓarsa, kuma a wurinsu ake koyon laifin, kamar yadda Edwin Sutherland, shi ma masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna. Ku samo masa maigidan sana'a a wata unguwa, wani dattijo ya tsaya masa, kuma don Allah ku daina goranta masa a gida.