Kafin ki ba da kuɗin haya a Damagaram

Wata malama da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Damagaram ta aiko da tambaya. Ta samu gida a Garin Malam, dillali na matsa mata ta ba da jika 90 na wata uku, ita kuma ta ga tsaga a bangon ɗaki. Tana so ta san abin da doka ta ce.

Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Kafin ki biya, mai gida ne ke neman yardarki; da kin biya, ke ce za ki dinga binsa.

Dokar farar hula da ake aiki da ita a Nijar, a sashe na 1720, ta ɗora wa mai gida ya miƙa gida cikin kyakkyawan hali, manyan gyare-gyare kuma nasa ne. Amma sashe na 1731 ya ce in ba a rubuta halin da gida yake ciki ranar shiga ba, ana ɗauka lafiya lau aka same shi. Nan ne na fi ganin 'yan haya na cutuwa. Ranar fita sai a ce ke kika ɓata, a riƙe kuɗin ajiyarki. Saboda haka ki zagaya da magini, ku rubuta komai: tsagar nan, alamar yoyo a rufi, gindin bangon da ruwa ya ci, masai, wayar wuta. Ki ɗauki hoto, ku sa hannu ke da mai gida, da shaidu biyu. Tsagar kuwa ba abin wasa ba ce. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kada tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram, balle ginin ƙasa da aka shafe da siminti.

Ki gaida mai unguwa, ki tambaye shi ko an taɓa kawo ƙara kan gidan. Maƙwabta su ne za su gaya miki ko ruwa na kwanciya a ƙofar da damina, da kwana nawa famfo ke yi bai kawo ba, don a garin nan kuɗin 'yan ga-ruwa ma haya ce ta biyu. A ofishin magajin gari ki tambayi ma'aikatan tsafta ko sun taɓa gargaɗin mai gidan.

Ki nemi rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na ruwa, kada ki gaji bashin wani. Ki ga takardar fili. In gidan gado ne, wanda zai sa hannu ya nuna wakilcin magada.

In mai gida ya yi alkawarin gyara, a sa shi cikin yarjejeniya da ranar gamawa. In ya saɓa bayan kin shiga, kada ki daina biya da kanki, don zai iya kai ki ƙara kan rashin biya. Ki ba shi gargaɗi a rubuce, ki ajiye kwafi, sannan ki nemi kotu ta tilasta gyaran ko ta warware yarjejeniyar.